Ɗakin Ƙasa a Torino

Matakala goma sha bakwai ne zuwa ƙasa,
na taka su shekara talatin da ɗaya,
gwiwata ta haddace su kafin kaina.
A can Ermete Gaudino yake ajiye kiɗa
yadda matarsa Nives ke ajiye tumatir a kwalba,
don ranar sanyi, don baƙon da bai iso ba.

Da farko gyaran piyano yake yi.
Wani ya kawo masa fim ɗin masana'antar mota,
minti huɗu ƙarfe na narkewa shiru,
aljihu kuma ba ya ɗaukar hayar makaɗa.
Ermete ya tara abokai biyar da daddare,
ya sallame su da taliya da kofi mai ɗaci.
Faifan farko ke nan. Ko suna bai sa masa ba.

Ni aikina rubutu a jikin kwali:
"Ruwan sama, da ɓacin rai, sakan arba'in."
"Ɓarawo a kan rufi."
"Jira a asibiti, na biyu."
"Soyayya, amma ba can ba."

Makaɗan kan zo bayan an tashi daga gidan rawa,
ƙarfe biyun dare, kwat a kafaɗa, ido ja wur.
Tullio mai goge ya ce, yau me za mu ji?
Ermete ya duba takarda: tsoro uku, murna ɗaya,
sai wani ɗan abu na tallar sabulu.
Su zauna su kaɗa kukan mutuwar wani
a fim ɗin da ko rubuta shi ba a yi ba.

Daga nan sai gidan waya.
Kiɗanmu ya raka jirgin ruwa a Lisbon,
ya bi ɗan sanda a guje a wani gari mai dusar ƙanƙara,
ya tsaya bayan mai karanta hasashen yanayi
shekara tara, kowace safiya.
Jama'a na fito da shi a bakin tasha,
mai burodi na fito, yaro na fito,
ba wanda ya taɓa tambayar na wane ne.
Tullio ya ce, gishiri ne mu, Ondina,
ana ci ana lashe baki, ba a kiran sunanmu.
Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Shekarar da kogi ya cika ya sauko mana,
ruwa ya kai matakala ta shida.
Muka shanya zaren kaset a igiya kamar wanki,
Nives na goge laka da gefen siket.
Ɗaya ya bushe a karkace,
sarewar ciki ta koma rawar ɗari.
Ermete ya ce a zubar, na ɓoye a aljihun tebur,
na rubuta masa "Mafarki."
Shi ya biya kuɗin haya shekara huɗu,
kuma Ermete bai taɓa ce mini sannu ba.

Da ya rasu, 'ya'yansa suka sayar.
Wani saurayi, Loris, ya zo da na'ura,
wata bakwai yana juye mu,
kanta ɗari biyu cikin abin da bai fi kwalin ashana ba.
Yana da ladabi. Ya tambaye ni kalmomin nema.
Na ce rubuta: wannan ranar Tullio ya binne ƙanensa
ya zo ya kaɗa "Murna, ta bakwai."
Ya ce gurbin bai kai ba.

Jiya ina zaune a asibiti da lamba a hannu,
talabijin na magana can sama a bango.
Sai ga shi, ƙasa-ƙasa, bayan wata talla.
Na san shi kamar tafiyar ɗan gida.
A sakan na goma sha tara kujera za ta yi ƙara,
kujerar Tullio, mai gajeriyar ƙafa.
Na riƙe numfashi.
Ta yi.
Aka kira lambata sau biyu,
ban tashi ba.